Yadda na ɗinka wa ƙanina farar shat da takardar yanka

Duk wanda ya saba bi ta Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da safe yana gane ɗaliban lauya tun daga nesa: farar riga, baƙin wando ko baƙin siket, kullum ta Allah. Ƙa'idar tsangayarsu ke nan, kuma ba a Jami'ar Ahmadu Bello kaɗai ba, kusan duk inda ake karatun lauya a ƙasar nan haka shigar take. Da ƙanina ya samu gurbi a wurin, hidimar fararen rigunan nan a kaina ta sauka, don ni ce babba a ɗakinmu, kuma ni ce mai keke.

Yaron dogo ne siriri, ga dogayen hannuwa. Mun zaga kasuwar Sabon Gari, daga masu sababbi har 'yan gwanjo, ba mu dace ba. Wadda ta zauna masa a wuya, hannunta ba ya kaiwa wuyan hannu. Wadda hannunta ya kai, sai kwala ta yi ta yawo a wuyansa, jikin kuma ya yi masa burum-burum. Mutumin da zai sa laktaye wataran ya tsaya gaban malamansa bai kamata a gan shi haka ba.

Na daɗe ina ɗinki a gida, nan Tudun Wada: atamfa, leshi, kayan yara, har jamfa da kaftanin maigida. Duka da tef da alli nake zana su a jikin yadi in bi da almakashi, yadda aka koya mini, kuma ban raina wannan hanya ba. Sai dai kaftani yana da yalwa. In rabin inci ya ƙaru a kafaɗa ko a hammata, yalwar ta shanye shi, babu mai lura. Shat ba ta yin wannan rangwame. A wuya take zama, da kafaɗa, da wuyan hannu, kuma a farin yadi kowane taku na allura a fili yake.

Wata ƙawata da ta karanci fannin yadi a Samaru ita ta ba ni aron ambulan na kamfanin McCall's. A ciki akwai wata takarda shara-shara mai launin ƙasa, an zana kowane ɓangare na rigar a kanta, sai wata takardar daban mai bayani da hotunan yadda ake haɗawa mataki-mataki. Ashe sana'ar tsohuwa ce. Wani tela a Amurka, Ebenezer Butterick, shi ya fara sayar da irin wannan takarda mai girma-girma a 1863, kuma da kayan maza da na yara maza ya soma. Abin ya burge ni, don yau in aka ce takardar yanka, hankalin kowa kan kayan mata yake tafiya.

Ban sa almakashi a takardar ba. Girma da yawa aka zana a kan juna, layi kusa da layi, wanda ya yanke ɗaya ya kashe sauran, kuma ma kayan aro ne. Na sayo faffaɗar takarda ruwan ƙasa irin ta teloli, na shimfiɗa ta ƙarƙashin ta asali, na bi layin da nake so da ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ake garawa, sannan na fito da shi da fensir. Duk wata alama sai da na kwashe ta: doguwar kibiya mai nuna tsayin zaren yadi, ɗige-ɗige, da 'yan alamomin nan masu kusurwa uku da ke bakin layi. Inda alamar take guda ɗaya, gaban riga ne. Inda take biyu a jere, baya ne. Su ne ke gaya wa mutum inda wannan ƙyalle zai haɗu da wancan.

Zaɓen girma shi ne wurin da na fara zama na yi tunani. A bayan ambulan akwai jadawalin awo. Ƙirji inci 36 yana tafiya da wuya 14½ da hannu 32. Ƙirji 38 da wuya 15 da hannu 33. Ƙirji 40 da wuya 15½. Awon hannun nasu ba daga kan kafaɗa yake tashi ba kamar namu. Daga ƙashin tsakiyar ƙeya ake ɗora tef, a bi ta kafaɗa, a gangara ta gwiwar hannu yana ɗan lanƙwashe, har wuyan hannu. Shi ya sa lambar take kaiwa talatin da wani abu. Da na auna ƙanina a haka, wuyansa 15, ƙirjinsa 36, hannunsa 35. Nan na ga dalilin wahalarmu a kasuwa a rubuce ƙarara: babu layi ɗaya a jadawalin da ya haɗa lambobinsa uku.

Na ɗauki girma 38 saboda wuya. Wuya da kwala su ne mafi wuyar gyara, taɓa ɗaya yana jawo taɓa uku. Gefe kuwa abu ne mai sauƙi, na bar ramin hammata yadda yake na soma ragewa daga ƙasansa, rabin inci a kowane baki zuwa ƙugu. A takardar hannu akwai layi biyu a jere da aka tanada don ƙarin tsawo. Na tsaga a nan, na buɗa inci biyu, na manna wata takarda a tsakani, na daidaita layin gefe da rula. Ba a ƙara tsawo a ƙarshen hannu, don can ne aka shirya faɗin da zai shiga bakin hannu. Jikin rigar ma na ƙara masa inci ɗaya da rabi, saboda na san yaro zai yi ruku'u da sujada da ita, ba na so ta riƙa zamewa daga wando.

Kafin in taɓa yadin kirki, na yanka gwaji da akoko mai araha: gaba, baya, kafaɗa, hannu ɗaya da gindin kwala, na haɗa da dogon taku. Ya sa, na ce ya ɗaga hannu, ya miƙa gaba kamar zai yi rubutu a tebur. Ya ce, "Yaya, kamar tana ɗan ja na a baya." Na duba, kafaɗunsa sun ɗan karkato gaba, irin na masu yawan duƙufa a kan littafi. Na matso da layin kafaɗa gaba kaɗan, na kuma zaɓi ninki ɗaya babba a tsakiyar baya, wanda takardar ta bayar a matsayin zaɓi, don ya samu wurin miƙa hannu. Duk gyaran da na yi a akoko na mayar da shi kan takarda nan take.

Yadi kuwa na nace sai auduga zalla. Wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu ba zai so ɗan'uwansa ya wuni a aji cikin mai haɗin roba ba. Mai shago zai ce maka auduga ce, amma gwajin ba wuya: a zaro 'yan zaruruwa daga bakin yadin a kusantar da ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Na kuma sa tafin hannuna a bayan yadin in ga ko yana nuna jiki. Na sayi foflin mai faɗin inci 60, yadi biyu da rabi. Da mai faɗin 45 ne sai an kai uku ko fiye. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadin daga waje aka shigo da shi. Ga mu a ƙasar auduga, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru da ke fitar da irin auduga na SAMCOT, ga Kaduna nan kusa inda aka taɓa yin masaƙar da ta fara aiki a 1957, amma farin yadin da ɗan Zariya zai sa ya tafi Kongo sai ya ƙetaro teku.

Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na wanke, na shanya a cikin ɗaki don lokacin hunturu ne, ƙura ba ta barin fari. Auduga tana shiga a wankin farko, kuma gara ta gama shigarta kafin a yanka. Na goge shi sumul, na ninka, na jera takardun ina auna kowace kibiya da bakin yadi a sama da ƙasa don ta miƙe. In kibiya ta karkace, riga za ta murɗe bayan wanki, kuma babu gugar da ke gyara wannan.

Akwai abu guda da ya kamata mai shirin gwadawa ya riƙe. Takardun waɗannan kamfanoni na Amurka sun riga sun haɗa da rarar ɗinki, ɗan yadin da ake bari tsakanin layin ɗinki da baki, galibi kashi biyar cikin takwas na inci, wato santimita ɗaya da rabi. Hannun tela ya saba ƙara rara da kansa idan yana yanka, to nan ba a ƙarawa, a kan layi ake yanka. Na mujallar Burda ta Jamus su ne ba su da rara, sai mutum ya sa. Kekena Butterfly ne na ƙafa, ba shi da layukan awo kusa da allura, sai na auna na manna salatif na takarda a wurin, bakin yadi yana bin gefensa. Na sa allura lamba 11, na rage taku ya dawo ƙanana, na goge ƙoshiya da duk inda man keke zai iya ɗiga, na yi ta gudu a kan tsumma har sai da zare ya fito fari tas. Keken da ba ya yin komai sai miƙaƙƙen ɗinki ya isa shat daga farko har ƙarshe, in ban da ramin maɓalli.

Layin maɓalli da aljihu ba su ɗauke ni lokaci ba, guga ce ta yi rabin aikin. Na maza, ramuka a hagun mai sawa suke, maɓallai a dama. Ƙyallen kafaɗa falle biyu ne, na ciki da na waje, kuma akwai dabarar haɗa shi yadda ba za a ga bakin yadi ko ɗaya ba: a naɗe gaba da bayan rigar kamar tabarma, a rufe su a tsakanin fallayen biyu, a ɗinke, sannan a jawo rigar gaba ɗaya ta ramin wuya. Tana fitowa sai ga kafaɗa a rufe ciki da waje, tsaf.

Kwala kuwa, nan ne aikin yake. Ɓangare biyu ce, ganyen da ke kwantawa, da gindin da ke tsaye yana zagaye wuya, kowannensu falle biyu. Na yanka ƙyallen gam, wanda ake mannawa da guga ya ƙara wa kwala ƙarfi, na rage masa rarar ɗinki don kada bakin ya yi kauri, na manna shi a fallen da zai kasance a waje. Ba a goga dutse a kan gam. Ɗorawa ake a danna, da ɗan ƙyalle mai laima a tsakani, a ƙirga goma zuwa goma sha biyar, a ɗaga, a matsa gaba, sannan a bar shi ya huce a shimfiɗe kafin a taɓa. Gam ɗin da bai kama da kyau ba shi ne ke tashi ƙuraje-ƙuraje a kwala bayan wanki biyu. Ran da babu wuta na yi da dutsen gawayi, sai na ninka ƙyallen kariya saboda toka.

Fallen ƙasa na ganyen kwala na rage masa kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba, a gefe da gefe da bakin waje. Wajen ɗinki sai in ɗan ja shi ya kamo na sama. Wannan 'yar ƙarancin ita ce ke sa kwala ta lanƙwaso ƙasa da kanta ta rungumi wuya, tsininta ba ya ɗagawa sama, layin ɗinkin kuma ya ɓuya a ƙasa. Da na zo kusa da tsini na ƙara rage taku, kuma ban juya kwana a kaifi ba, na yi taku ɗaya a karkace a daidai bakin kusurwar, don yadin da zai koma ciki ya samu wurin zama. Na datse rarar kusa da ɗinki, na juya, na turo tsinin a hankali da abu marar kaifi. Almakashi ba na wannan aikin ba ne, yana huda yadi. Sai na ninka kwalar biyu na haɗa tsini da tsini in gani ko sun yi daidai. Ido yana kama bambancin da bai kai ƙwayar zarra ba a nan, domin tsinin biyu suna zaune kusa da juna ne a ƙarƙashin haɓa, wurin da duk mai magana da kai yake kallo.

Haɗa gindin kwala da wuyan riga shi ya fi cin haƙuri. Wuyan riga zagaye yake, gindin kwala kuwa kusan miƙe. Tun ana gama yanka na bi wuyan da ɗinki ɗaya don kada ya saki, yanzu kuma na tsattsaga rarar har kusa da wannan ɗinki, sai wuyan ya buɗe ya miƙe. Na kama tsakiyar baya da fil, na kama ɗigon kafaɗa biyu, na kama bakin gaba biyu, sannan na bi da allurar hannu gaba ɗaya kafin in kai keke. Wurin da gindin kwala ke haɗuwa da layin maɓalli dole ya zo sak, ba tudu ba rami. A nan na cire ƙafata daga feda, na riƙa juya keken da hannu taku ɗaya-ɗaya. A ganina duk wanda ke son sanin ko shat ta ɗinku, wannan ɗan wurin da bai kai inci ɗaya ba ya duba.

Da na gama na auna daga inda maɓalli zai zauna zuwa inda raminsa zai kasance: inci 15½, wato wuyansa da ƙarin rabin inci. Yatsa biyu su shiga in an ɓalle, ba fiye ba.

Tsagar hannu, mai ɗan kan nan kamar rufin ɗaki a samanta, a hoto tana da ban tsoro, amma bin ɗigo ne da guga kawai. Abin kiyayewa shi ne hannu biyun kishiyoyin juna ne, tsagar tana ɓangaren baya, ninkin bakin hannu kuma suna fuskantar tsagar. Na sa wa kowanne alamar alli ta ciki tun a wurin yanka.

Ban kai rigar wurin masu keken da ke saƙe bakin yadi ba. Shat ta gari a kan jikin mutum take kwana ta wuni, kuma farar riga kusan kullum tana cikin wanki, don haka na yi mata ɗinkin nan mai layi biyu da ke rufe kansa: a ɗinka, a datse rarar gefe ɗaya, a lanƙwaso ɗayar ta rufe ta, a kwantar, a sake bi. Hannu a shimfiɗe ake haɗa shi da jiki, sannan a ja ɗinki ɗaya daga bakin hannu, ta hammata, har ƙasan riga. Layi na biyu a cikin hannun da ya riga ya zama bututu shi ne mai wahala, ana tattaro yadin a bayan allura kaɗan-kaɗan, inci biyu a tsaya a gyara. Yana cin lokaci, amma in ka juya rigar, cikinta da wajenta kusan ɗaya ne. Kalmasar ƙasa siririya ce, kwata na inci, kuma da yake a lanƙwashe take sai na fara bin ta da ɗinki ɗaya ya zama jagora kafin in ninka.

Ramin maɓalli na kai Sabon Gari, wurin wani dattijo mai keken ramuka. Na riga na sa alamomina, na kuma tafi da maɓallan. Ya karɓi rigar ya juya cikinta, ya daɗe yana duba hammata da gindin kwala.

"Hajiya, ke kika haɗa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"To madalla. Kawo maɓallin in gani, da shi ake auna rami, ba da ka ba."

Ya yi na layin gaba a tsaye, na gindin kwala a kwance, ya ce wuya yana ja ne gefe da gefe, ramin kwance shi ke riƙe maɓalli ya bar shi ya ɗan motsa. Ya kuma ce in zan buɗe su in soke fil a ƙarshen kowane rami, don reza ta tsaya a jikinsa. A gida na ɗora ramukan a kan ɗaya ɓangaren na sa ɗigon maɓallai ta cikinsu, na ɗinka kowanne da tsinken ashana a ƙarƙashi, na zare tsinken na naɗe zaren, maɓallin ya samu ɗan wuya da yadi zai kwanta a ƙasansa.

Da ya sa ta ya ɓalle har sama, kwalar ta zauna, bakin hannu ya sauka daidai ƙashin wuyan hannu, ya miƙa hannuwa gaba babu inda ta ja. Ya ce, "Yaya, a ƙaro mini irinta." A nan ne takarda ta biya wahalarta. Na manna gyararrun takardun a jikin kwali, na rubuta wa kowanne sunansa da adadin da ake yankawa, na huda su na rataye a ƙusa. Rigunan da suka biyo baya ban sake auna shi ba, kuma duk sun fito awo ɗaya, abin da alli da tef ba su taɓa ba ni ba.

Ba zan ce wa kowa ɗinkin gida ya fi araha ba. Mai jikin da ya dace da jadawali zai samu shat mai kyau a gwanjo da kuɗin da bai kai na yadi mai kyau ba, balle lokacin da aka kashe. Amma mai dogon hannu, mai kaurin wuya, mai faɗin kafaɗa da ƙaramin ciki, wannan ita ce hanyarsa. Kuma ba sai an samu ambulan ba, ana sayen takardun ta intanet a kai shagon buga takardu a Samaru ko Kongo. A gaya wa mai kwamfuta ya buga a ainihin girmansu, ɗari bisa ɗari, kada ya bar na'ura ta daidaita su da shafi, a tabbatar kuma fayil ɗin na A4 ne, don takardar Amurka girmanta daban. A shafin farko akwai ɗan murabba'i na gwaji, a auna shi da tef tun ana shagon kafin a buga sauran.

Yanzu na mayar wa ƙawata ambulan ɗinta bayan na kwafi girma 42 saboda maigida. Shi nasa gyaran daban ne: wuyansa da kafaɗarsa sun bi jadawali, amma yana da ɗan tumbi, don haka gaban rigar ne zan buɗa in ƙara masa faɗi da tsawo in bar bayan yadda yake. Kuma mai ratsi yake so, wanda ke nufin sai na yanka kowane ƙyalle falle ɗaya-ɗaya don ratsin aljihu ya hau kan na ƙirji.